Tausayi Kafin Yanke Hukunci: Darasi Daga Malkohi

A darasin tarbiyya mukan koya wa yara dokoki, watau kada su yi sata, kada su yi ƙarya, su girmama na gaba. Wannan daidai ne. Amma akwai ranar da doka ba ta gaya wa mutum abin da zai yi, sai shi da zuciyarsa. A irin wannan rana tausayi ke aikinsa. Tausayin da nake nufi kuwa ya wuce zub da hawaye. Shi ne mutum ya ɗauka kamar shi abin ya sama, ya auna zafin a jikinsa, sa'an nan ya yanke shawara.

Ba sai mun tafi nesa neman misali ba. Cikin shekarar 1914 ba a san Malkohi ba sai a kewayen Yola, amma bayan shekara ɗari sunanta ya zaga duniya. Ga dalili. A watan Agusta na 2014 'yan Boko Haram suka ci Gwoza, suka biyo ta Madagali da Michika, a ƙarshen Oktoba suka shiga Mubi. Mutane suka kwararo Yola da Jimeta, waɗansu a mota, waɗansu da ƙafa. Gwamnati ta buɗe sansani a Malkohi, inda a watan Mayu na 2015 aka kawo mata da yara 275 da soja suka ceto daga dajin Sambisa. Amma mafi yawan masu gudun ba a sansani suka sauka ba, a gidajen talakawa ne. Mutanen ƙauyen Malkohi ma sun ba baƙi wurin zama, da yawansu mutanen Gwoza.

To, mu duba magidancin da baƙi suka yi sallama a ƙofarsa. Hatsin rumbunsa da ƙyar zai kai shi kaka. Ba alkalin da zai ci shi tara in ya ce ba wuri. Me ya sa ya buɗe zaure? Ya dubi matar da ke goye da jinjiri, ya ga kamar matarsa ce a ƙofar wani. Wannan shi ne aikin tausayi na fari: yana nuna wa mutum cewa akwai abin da ya wajaba a kansa, tun doka ba ta faɗa ba.

Na biyu, tausayi yana bukatar hankali. Ran 11 ga Satumba, 1915 ba kome ba ce a tarihinmu, amma ran 11 ga Satumba, 2015 bom ya tashi cikin sansanin Malkohi, mutum bakwai suka mutu. Bayan irin wannan masifa hanya biyu ce mai sauƙi, duka kuwa ɓata ce. Wani zai ce a kori baƙi gaba ɗaya, ya manta su ne bom ɗin ya kashe. Wani zai ce binciken kayan mai shiga rashin tausayi ne, ya manta da yaran da ke kwance ciki. Mai tausayi na gaskiya yakan auna zafin kowa. Ya yarda a yi bincike a ƙofa, amma ba ya yarda a kira marainiya da sunan waɗanda suka kashe ubanta.

Na uku, tausayi yana da gajeriyar ƙafa. In an bar shi, ba ya wuce dangi da 'yan addinin mutum. Adalci ne ke ja masa gora ya ƙetare. Bishop Stephen Dami Mamza ya sauke masu gudu a harabar cocin St. Theresa a Jimeta. A 2021 aka buɗe gidaje 86 da ya gina musu a Sangere-Marghi, cikin ƙasar Girei, tare da makaranta da coci. Da yake akwai Musulmi cikinsu, sai ya gina musu masallaci. Mu da muka karanta labarin Basamariye cikin Luka sura 10 mun san wannan darasi. 'Yan'uwanmu Musulmi kuma sun san shi daga yadda mutanen Madina suka karɓi masu hijira daga Makka a shekarar 622.

Ina ruwan malamin aji da wannan? Lokacin da aka tura ni gwajin koyarwa, wata rana iska ta buga ƙyauren aji da ƙarfi. Wani yaro, wanda ya girme wa sauran, ya faɗa ƙarƙashin benci, aji ya tuntsire da dariya. Na ɗauka iskanci ne, har na ɗauko tsumagiya. Da na sunkuya sai na ga jikinsa na rawa. Daga baya na ji yana ƙarami aka gudo da shi, ƙarar bindiga ba ta bar kunnensa ba. Da na doke shi da ba wanda zai ce na karya doka, amma da na zalunce shi. Na mai da kujerarsa kusa da tebur nawa, na kuma hana a yi masa ba'a. Aikin gida kuwa ban ɗauke masa ba, gama raina ƙwazon yaro ba tausayi ba ne.

Saboda haka, 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, kafin ku ɗaga hannu ku tambayi kanku abu uku. Me ya sami wannan yaro? Su wa kuma hukuncina zai shafa? Da ɗan ƙanena ne, haka zan yi?

Tambayoyi domin aji:

1. Me ya bambanta tausayi da jin tsoron doka?
2. Da kai ne mai tsaron ƙofar sansani bayan tashin bom, yaya za ka karɓi sabon baƙo?
3. Kawo misalin inda tausayi ba tare da adalci ba ya cuci wani.