Idan Duka Ya Shiga Gidan Aure: Matakan Da Za Ki Bi A Kano

A gidajen haya na Na'ibawa, inda magidanta da yawa ke sammakon zuwa kamfanonin Sharaɗa, Challawa da Bompai, katanga ba ta ɓoye kukan mace. Maƙwabta na ji, washegari a ce "sha'anin miji da mata ne". Dokar hana cin zarafin jama'a da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2015 Abuja ta shafa, sai jihar da ta karɓe ta, kuma Kano ta yi shekaru ana kai-kawo a kanta. Daftarin dokar iyali da Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya yi shelarsa a 2017 ma ya sha suka. Duk da haka, 'yar'uwa, ba sai kin jira majalisa ba.

Mataki na farko: tsira da lafiyarki. Ki fice zuwa gidan iyaye ko na maƙwabta. Kaya ba sa gudu.

Na biyu: asibiti, tun rauni bai warke ba. Ki gaya wa likita gaskiyar abin da ya faru, ban da "faɗuwa na yi a banɗaki". Ki nemi a rubuta, ki adana katin da rasit. Ki ɗauki hoton raunin, ki tura wa wata aminiya, don wayar taki na iya salwanta. In da fyaɗe a lamarin, akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala.

Na uku: sanar da waliyyinki da mai unguwa. A nan akasarin mata ke yin asara. Za a taru, a ce ki yi haƙuri don 'ya'ya, a yi addu'a, a watse. Sulhu alheri ne, amma sulhun baka ba ya zama hujja gobe. Ki roƙi Baba ko Yaya su tsaya a rubuta abin da ya faru da alkawarin da mijin ya ɗauka, da kwanan wata, shaidu su sa hannu. Hukumar Hisbah, wadda hedikwatarta ke Sharaɗa, tana irin wannan zama. Can ma ki nemi kwafin yarjejeniyar.

Na huɗu: 'yan sanda, idan akwai rauni ko barazanar kisa. Ki je da wani babba. Kada a ruɗe ki da sashe na 55 na kundin Final Kod, mai zancen ladabtar da mata: ko shi bai halatta mummunan rauni ba.

Na biyar: kotun shari'ar Musulunci. A mazhabar Malikiyya, alƙali na iya raba aure saboda cutarwa ba tare da mace ta mayar da sadaki ba. Wannan daban yake da hul'i, inda ita ce ke biya. Mata da yawa kan fanshi kansu da kuɗin da bai hau kansu ba, don ba wanda ya faɗa musu. Malaman mazhabar sun karɓi shaidar abin da ya yaɗu tsakanin maƙwabta a kan cutarwa, ke nan waɗancan masu ji ta katanga suna da rana. In babu kuɗin lauya, ki nemi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko Hukumar Ba Da Agajin Shari'a, ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam.

Bayan an kai ƙara, dangin miji za su zo neman "a kashe maganar", kada sunansa ya ɓaci a wurin aiki. Yafewa haƙƙinki ne. Sai dai a ganina, ko kin janye ƙara kada ki miƙa takardun asibiti da na sulhu ga kowa. Ki ajiye su wurin wanda kika amince da shi, nesa da gidan miji.