Yadda Ake Jagorantar Mai Gyaran Sola Daga Nesa Da Fasahar AR

Duk mai shagon sola a Katsina ya san wannan matsala: inbata ta tsaya a Daura ko Dutsin-Ma, yaron da aka tura ya rasa gane kanta, maigida kuma aiki ya riƙe shi a Ƙofar Ƙaura. Kiran bidiyo na WhatsApp yana rage wahalar, amma "ba wannan ba, na gefensa" yakan jawo ɓarna. Fasahar AR, wadda ke ɗora zane a kan hoton da kyamara ke nunawa, tana bai wa maigida damar zana kibiya a allonsa, ta fito a allon yaron, ta kuma manne a kan abin da aka nuna ko da salular ta motsa.

1. Duba salular yaron. Google ta fitar da ARCore, fasaharta ta AR, a 2018, kuma ba kowace Android ke ɗaukarta ba. Nemi manhajarta, Google Play Services for AR, a Play Store. Idan ta ƙi sauka, a sauya salula. Masu iPhone suna da tasu, ARKit, tun 2017.

2. Sauke manhaja. Akwai TeamViewer Assist AR da Zoho Lens. Ɓangaren maigida yakan buƙaci biyan kuɗi, don haka a san farashi tukuna. A gwada ta a shago kafin ranar aiki.

3. Tanadi data da caji. Bidiyo yana cin duka biyun. Yaro ya tafi da layi biyu, kamar MTN da Airtel, da batirin ƙarin caji da abin sawa a kunne, domin sabis yakan yi rauni idan an bar gari.

4. Kashe wuta kafin a taɓa komai. A cire layin KEDCO da na janareto, a kashe inbata, a raba batir da faifan sola. Faifan yana ba da wuta muddin akwai rana, saboda haka a auna da mita, a nuna wa maigida lambar a kyamara.

5. Bari salula ta karanci wurin. Manhajar tana kama kusurwoyi da rubutu da sukurori ne ta gane inda kowane abu yake. Yaro ya zagaya da kyamara a hankali, dama da hagu. Duhun sito da farin bango da ƙyallin gilashin sola suna ruɗa ta, kibiya ta zame. A kunna tocila, a kuma sa jikin inbatar ya cika allon.

6. Umarni ɗaya, alama ɗaya. Maigida ya zana, ya ce: "Malam, auna nan." Yaro ya maimaita abin da ya ji, ya ajiye salula, ya yi aikin da hannu biyu, sannan ya nuna sakamako. A goge tsohuwar alama kafin sabuwa, musamman wajen haɗa batura na bolt 24 ko 48.

7. Ajiye shaida. Da izinin mai gidan da ake yi wa aikin, a ɗauki hoton gyaran kaɗai, ban da iyalinsa. Hotunan za su yi amfani wajen koyar da sababbin yara.

Idan aka ji ƙauri, ko batir ya kumbura, ko sabis yana yankewa, a dakata har maigida ya zo da kansa. Kada a tura wanda bai iya riƙe mita ba, komai kyan manhajar.