Darasi: Ba Kowace Lamba Ce Ake Tarawa Ba

'Yan'uwa, bayan girbi mukan zagaya ƙauyukan Malumfashi, Ƙafur, Bakori da Funtua da takardar tambayoyi, gama da abin da aka rubuta a cikinta ne ake raba iri da taki. Wani kwamitin ikkilisiya ya taɓa cike tasa da zuciya ɗaya, amma a gurbin yawan hatsi sai aka rubuta "an gode Allah". Amsa ce mai kyau, sai dai ba ta shiga lissafi. Kafin mu koma mu sake tambaya, an riga an rufe jerin sunaye.

A shekarar 1946 wani masani ɗan Amurka, Stanley Stevens, ya kasa awo gida huɗu.

Na fari shi ne na suna kawai. Idan takarda ta ce masara 1, dawa 2, auduga 3, lambobin nan laƙabi ne. Masara da dawa ba su haɗu sun zama auduga ba! Abin da za a iya yi shi ne a ƙirga gida nawa suka shuka kowanne.

Na biyu na jeri ne: damina ta yi kyau, dama-dama, ko ba ta yi ba. Mun san wanda ya fi wani, amma ba mu san da nawa ya fi shi ba. "Dama-dama" ta mai shanun huɗa ba ɗaya take da ta gwauruwa mai 'yar gona a bayan gida ba.

Na uku, kamar ma'aunin zafi, tazararsa daidai take, amma sifirinsa ba ya nufin babu. Digiri 40 na watan Afrilu ba ninkin zafin digiri 20 na hunturu ba ne. Wannan bai cika shigowa takardunmu ba.

Na huɗu shi ne muka fi bukata: kilo, hekta, naira. Sifiri a nan babu ke nan, kuma 20 ninkin 10 ne sosai. Amma sai ma'aunin ya zama ɗaya. Auduga ba ta ba mu wahala, da yake a kan sikeli ake sayenta. Dawa ce matsala. Damin wani sai ƙato ya yi nishi kafin ya ɗaga, na wani kuwa yaro ma ya ɗauka. A ce gida biyu kowanne ya rubuta dami 30, takarda za ta nuna su daidai, alhali ɗaya zai ci har sabon hatsi, ɗaya kuwa rumbunsa zai ƙare tun Yuli. Saboda haka muna roƙo a sussuke dami ɗaya matsakaici, a auna da tiya, a rubuta a gefe.

Mutane da awaki ƙirga su ake yi, babu rabi. Gona da hatsi aunawa ake yi, ana iya rubuta hekta ɗaya da rabi.

Sakatarori, wanda bai girbe komai ba ku rubuta masa 0. Gurbin da aka bari fayau, mu a ofis ɗauka muke yi ba a tambaye shi ba.