Tuƙi da Waya: Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

Maigida, in ɗanka ya fara koyon mota ko babur ko a-daidaita-sahu, to, ku zauna tare a karanta wannan darasi.

Direban da ke magana a waya, hannunsa na kan sitiyari amma hankalinsa na wani wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin da ke kansa ya kai wajen ninki huɗu na wanda ya ajiye wayarsa. Ko ya sa abin ji a kunne, haɗarin bai ragu da yawa ba, gama zancen ne ke ɗauke hankali.

Ga lissafi. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin mita 14 a daƙiƙa guda. In direba ya sunkuya daƙiƙa 3 don duba saƙo, ya yi mita 42 ke nan, fiye da taku hamsin, kamar makaho. Ka tuna da cunkoson Ƙofar Doka ko Babban Dodo a Birnin Zazzau: ga 'yan makaranta, ga masu talla, ga awaki. Cikin lungunan birni kuwa, yaro na iya fitowa daga zaure a guje. Sabon direba bai saba taka birki da sauri ba, don haka abin ya fi tsanani gare shi.

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988. Dokarta ta 2007 ta hana amfani da waya ana tuƙi, ta kuma sa tarar naira 4,000. Amma ina kuɗin da zai biya rai?

Ga abin da mai koyo zai kiyaye:

1. Kada ya nemi lasin sai ya cika shekara 18.
2. Ya karɓi takardar izinin koyo, ya manna harafin L gaba da baya, mai lasin na zaune kusa da shi.
3. Kafin ya ta da inji, ya kashe ƙarar waya ya sa ta aljihu.
4. In kira ya zama tilas, ya gangara gefe, ya tsaya cak, kana ya amsa.
5. Mai babur kada ya cusa waya cikin hula yana tafe yana zance.

Ku ma na gida da naku aikin. Yaro mai ladabi ba ya iya ƙin amsa kiran mahaifinsa. Saboda haka in kun san yana hanya, kada ku kira. Ku faɗa masa tun da wuri cewa rashin amsawa ba raini ba ne. Uwargida, saƙon cefane a ba shi tun bai fita ba.

In an yi haɗari, lambar hukumar ita ce 122, kuma kiran kyauta ne.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya kai mu gidajenmu lafiya, amin.