Baiwa da Ƙwazo: Wanne Ya Fi Kai Yaro Gaba?

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a tsakaninmu. Waɗansu sun ce gwani haifarsa a ke yi, gama barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, Juma'ar da za ta yi kyau kuwa tun daga Laraba a kan gane ta. Waɗansu sun ce a'a, zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ni a ganina wannan magana ta wuce hira, domin nan gaba kaɗan za a ba kowannenmu aji, a kuma ɗora masa duba wasanni. Abin da malami ya ɗauka a ransa game da baiwa da ƙwazo, da shi zai yi wa yaran mutane hukunci. Saboda haka bari mu duba labarin waɗanda suka yi suna, mu ga abin da zai koya mana.

Mu fara da gida. A shekarar 2013 Nijeriya ta ci Kofin Afirka a ƙasar Afirka ta Kudu, ta doke Burkina Faso da ci 1 da nema. A cikin 'yan wasan da Stephen Keshi ya tafi da su, uku haifaffun Jos ne, watau John Mikel Obi, da Ahmed Musa, da Ogenyi Onazi.

Mikel yaro ne mai baiwa ƙwarai. A gasar samari ta duniya da aka yi a Holan a 2005, Lionel Messi ne kaɗai aka sa a gabansa wajen gwaninta. A lokacin nan aikinsa shi ne shirya wa 'yan gaba ƙwallo. Amma da ya je Chelsea a 2006, sai aka mai da shi baya, aka ce ya tsaya gaban masu tsaron gida yana tare hanya. Wannan aiki ne mai wuya, ga shi ba a cika tafa wa mai yinsa ba. Ya haƙura ya koya, ya riƙe shi shekara 10 da 'yan kai, har ya ci Kofin Zakarun Turai a 2012. Baiwa ce ta buɗe masa ƙofa, amma yarda da koyon sabon aiki ne ya zaunar da shi a ɗakin.

Shi kuwa Ahmed Musa, baiwarsa gudu ne. Tun bai kai shekara 18 ba ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar wasa ta 2009 zuwa 2010. Ya ci Ajantina ƙwallo 2 a Kofin Duniya na 2014. Amma da ya koma Leicester ta Ingila a 2016, abin bai yi masa daɗi ba, ya sha zaman benci. Maimakon ya zauna yana cin tsohon suna, sai ya koma kulob ɗinsa na Mosko a farkon 2018 domin ya riƙa samun wasa. Cikin watan Yuni na shekarar nan ya ci Aisilan ƙwallo 2 a Kofin Duniya.

To, yanzu mu leƙa wasan kurket, gama babu wasan da ya kai shi ajiye lissafi, shi lissafi kuwa ba ya son kai. Ga wanda bai san shi ba, ga yadda ya ke. Kowane gefe mutum 11 ne. A kan kafa sanduna uku a nan, uku a can, tsakaninsu yadi 22. Mai jifa yana neman ya kā da sandunan da ƙwallo, mai bugu yana kare su da faffaɗan katako. In ya buga ƙwallon ya yi nisa, sai shi da abokinsa su ruga su yi musayar wuri, kowane gudu ɗaya maki ɗaya ne. In aka kā da sandunan, ko aka cafe ƙwallon tun bai taɓa ƙasa ba, mai bugu ya fita ke nan. Kuskure ɗaya tak ya isa ya mai da gwani ɗan kallo.

Ba a taɓa yin mai bugu kamar Donald Bradman na Ostareliya ba. Daga 1928 zuwa 1948 ya yi manyan wasannin ƙasa da ƙasa 52, ya tara maki 6,996. In an raba wannan da yawan fitar da shi da aka yi, sai a sami 99.94, alhali sauran gwanayen da suka daɗe suna wasa da ƙyar su ke kaiwa 60. Masu cewa haihuwa ce, da shi su kan kafa hujja. Amma ku ji yadda ya yi ƙuruciyarsa a garin Bowral. A bayan gidansu akwai tankin ruwa bisa wani kewayayyen gini na tubali. Sai ya riƙa jifan ginin da ɗan ƙaramin ƙwallon golf, in ya dawo ya tare shi da siririyar sanda irin wadda a ke kafawa. Da ya ke ginin ba miƙaƙƙe ba ne, ba ya sanin inda ƙwallon zai ɓullo. Yaron da ya saba da siririyar sanda da ɗan ƙaramin ƙwallo, ina wuyar faffaɗan katako a gare shi?

Misalin da ya fi kama ni shi ne na yara biyu 'yan makaranta ɗaya a birnin Mumbai na Indiya, Sachin Tendulkar da Vinod Kambli. Malaminsu ɗaya, Ramakant Achrekar. A 1988, cikin wani wasan makarantu, su biyun suka tara maki 664 ba a fitar da ko ɗayansu ba. Kambli, mai shekara 16, ya sami 349, Tendulkar, mai shekara 14, ya sami 326. A 1993 Kambli ya yi wa Ingila 224, a wasa na gaba ya yi wa Zimbabuwe 227. Amma a 1994 masu jifa na tsibiran Karebiyan suka gane yana shan wuya da ƙwallon da ya daki ƙasa ya taso wajen ƙirji, suka yi ta aika masa irinsa. Babban wasansa na ƙarshe a 1995 ne, yana da shekara 23, duka-duka ya yi 17. Tendulkar kuwa ya fara a 1989, bai bari ba sai 2013, ya yi 200.

Mene ne asirinsa? Ga alama ɗaya. A ƙarshen 2003, a Ostareliya, aka yi ta fitar da shi da wuri, sau da yawa garin ya kai wa ƙwallon da ya yi nesa da jikinsa bugu. Da aka zo Sidni a Janairun 2004, sai ya hana kansa wani bugu da ya fi kowa iyawa, domin ta nan a ke kama shi. Ya yi fiye da awa 10 yana bugu, ya sami 241, ba a fitar da shi ba. Wannan ba aikin ido da hannu kaɗai ba ne, aikin hankali ne da kamun kai.

Kada dai mu zarce. Dubban yara sun sha jifan bango, ba su zama Bradman ba. Baiwa gaskiya ce, ba kuwa daidai aka raba ta ba. Amma ita kamar kuza ta ke a ƙasarmu ta Bukuru: tana nan binne, sai an haƙa, an wanke ƙasar, kafin baƙin hatsin nan mai nauyi ya kwanta. Mai haƙa ba shi ya halicce ta ba, amma in babu shi ba ta zuwa ma'auni. Mu malamai, mu ne masu haƙan.

Saboda haka ga shawarata guda huɗu.

Ta fari, kada mu yi gaggawar yanke wa yaro hukunci. Wanda ya ga 349 da 326 a 1988, da wuya ya faɗi wanda zai daɗe. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Ta biyu, yaro mai kaifin kai a ba shi siririyar sanda. In ya gama lissafinsa kafin sauran, a ƙara masa mai wuya, kada a bar shi yana hamma yana jiran yabo.

Ta uku, mu nemo inda yaro ke da rauni tun abokan hamayya ba su nemo masa ba. Mai buga ƙwallo da dama kaɗai a sa shi ya yi da hagu. Mai iya karatu da baki a duba rubutunsa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Ta huɗu, lada ya bi wahala. Achrekar ya kan ɗora rufi ɗaya bisa sanda. In masu jifa suka kā da ita kuɗin nasu ne, in mai bugu ya jure har aka tashi, nasa ne. Tendulkar ya tara 13, ya kuma adana su. Ɗan fensir ko kalma mai daɗi a gaban aji za su yi mana wannan aiki.

Kada wani ya ce kurket na waɗansu ƙasashe ne. A Janairun 2025, a Maleshiya, 'yan matan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke Niyu Zilan da maki 2 a gasar duniya. Kowace a cikinsu akwai ranar da wani ya fara miƙa mata katako, ya nuna mata yadda a ke riƙewa. A ajin da za a ba ka, ɗan'uwa, akwai yaron da ke jiran irin wannan rana. Ka duba na gaba, ka kuma duba wanda ke zaune a kusurwa.