Juriyar Aiki: Shawarwari ga Magidanta a Ikara, Maƙarfi da Kudan

Ƙarfin da ɗan dambe ke kai naushi da shi daban yake da wanda mai saran rake ke wuni da shi a fadamar Maƙarfi. Na farkon ajiya ce ƙarama a cikin tsoka, ba ta wuce daƙiƙa 10. Akwai wani kuma, mai ƙona sukari babu iska, shi ma minti ɗaya zuwa biyu ya sare. Duk aikin da ya zarce haka, huɗa ne, haƙar dankali a Kudan ko tuƙa keke da lodi zuwa Zariya, da iskar oksijin ake yin sa: huhu ya shaƙo ta, jini ya kai wa tsoka, tsoka ta ƙona sukari da kitse da ita. Kamar murhu ne, kome yawan itace in ba iska sai hayaƙi. Sukarin da zai ba da awo 2 na ƙarfi babu iska, da iska kusan awo 30 yake bayarwa.

1. A fara a hankali. Zuciya da huhu kan ɗauki 'yan mintuna kafin su cim ma buƙatar tsoka. Shi ya sa saurayin da ya fi kowa zafin nama a kunyar farko ranar gayya shi ke fara neman inuwa. Gwajin mai sauƙi ne: in kana iya hira da na kusa da kai kana aiki, kana kan daidai, in magana ta gagara, sassauta.

2. Uwargida, aikin gobe a tukunyar yau yake. Jiki na ajiye sukari a hanta da tsoka, wajen giram 500 ga babban mutum, kuma aiki mai tsanani kan cinye shi cikin sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu. Kitse ya fi shi yawa nesa ba kusa ba, amma a hankali yake ƙonewa. Don haka tuwon masara ko na dawa da daddare, ɗumame ko koko da ƙosai da safe, sannan a aika fura ko dafaffen dankali gona kafin azahar. Gaɓar rake biyu na taimakon wanda jiri ya fara ɗiba, sai dai ba ta zama abinci.

3. A kula da jini, don shi ne ya fi kayar da mutane a ɓoye. Jajayen ƙwayoyin jini ke dakon oksijin, su kuwa ba sa ginuwa sai da sinadarin ƙarfe. Mai ƙarancin jini ko ya ƙoshi zai riƙa haki a kan ɗan aiki, a ce masa rago, alhali ba ragwanci ba ne. Zazzaɓin cizon sauro na fasa waɗannan ƙwayoyi, kuma fadamun da ke ba mu rake su ke ba mu sauro. Tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa ita ma jini take sha. A kwana cikin gidan sauro, a sa takalmi. A yawaita wake, zogale, alayyahu da hanta in da hali. Tumatir, wanda Ikara ba ta rasa shi, ɗanyensa na taimaka wa hanji ya tsotsi ƙarfen da ke cikin ganye. Shayi kuwa hana shi yake, a bar tazarar sa'a guda tsakaninsa da abinci. Masu juna biyu da 'yan mata su ne kan gaba a wannan buƙata, ko da yake a gidaje da yawa su ne na ƙarshe wajen rabon nama.

4. Ruwa. A zafin Maris da Afrilu mutum na iya zubar da lita guda ta gumi cikin sa'a ɗaya. Jini ya ragu, zuciya ta ƙara gudu. A riƙa kurɓa tun kafin ƙishi ya yi tsanani. Mai azumi ya mayar da aiki mai nauyi bayan asuba.

5. A guji hayaƙi. Gubar da ke cikinsa ta fi oksijin kama jini fiye da sau 200. Sigari ke nan, da girki a rufaffen ɗaki, da tsayuwa ta inda iska ke kaɗo hayaƙin dahuwar mazarƙwaila.

6. Tiramol ba ya ƙara ko awo ɗaya na ƙarfi. Jin ciwo da gajiya kawai yake kashewa, yana kuma iya jawo farfaɗiya da danne numfashi, wato ainihin abin da juriya ta dogara a kai. Maigidan da ya ɗauki 'yan ƙwadago ya fi kyau ya ba su fura da hutu da ya kawar da kai suna shan tiramol.

7. Tela, mai shago da ma'aikacin sakatariya a Hunkuyi su ma da nasu rabo. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce babba ya sami minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 kuwa minti 60 kullum. Tafiyar sauri ta isa. Cikin 'yan makonni zuciya kan fara tura jini mai yawa a kowane bugu.

8. Ciwon ƙirji, jiri, haki ana zaune ko kumburin ƙafa ba gajiya ba ce, a tafi asibiti. Mai sikila, hawan jini ko ciwon sukari ya nemi shawarar likita kafin ya ƙara wa kansa aiki.