Abin Wuyan Kyanwa da na Kare: Yadda Ya Kamata a Ɗaura Shi

A Bagama, cikin garin Suleja ta Jihar Neja, gidaje sun matsu da juna ƙwarai tun bayan da Gwamnatin Tarayya ta ƙaura zuwa Abuja a shekarar 1991, ma'aikata da 'yan kasuwa suka cika garin. Inda mutane suka yi yawa ɓeraye ba su rasuwa, don haka ake ajiye kyanwa; wasu kuma suna ajiye kare saboda gadi. Masu dabbobin nan sukan ɗaura musu wani abu a wuya domin a san da mai su. Wannan dabara ce mai kyau, amma fa in an yi ta da ganganci takan halaka dabbar.

Abu na farko da ya wajaba a gane shi ne, abin wuyan kare ana so ya riƙe, na kyanwa kuwa ana so ya tsinke. Kyanwa mai hawa ce. Takan bi katanga, ta ratsa danga, ta hau mangwaro, ta shiga ƙarƙashin kwanon rufi. Idan abin wuyanta ya sarƙe da ƙusa ko reshe, ta kuwa yi tsalle, sai ta rataye, ba ta ko iya kuka a ji. Saboda haka aka ƙera wani iri mai maɓalli wanda yake buɗewa da kansa in an ja shi da ƙarfi. Wanda bai sami irinsa ba, gara ya bar kyanwarsa haka nan da ya ɗaura mata igiyar leda, ko waya, ko robar tayar keke. Roba ma ta fi ɓarna, gama takan miƙe har kyanwa ta zura ƙafar gaba ciki, ta kasa fitarwa, robar ta yi ta yankan hammata, ta bar gyambo mai wuyar warkewa.

Wajen awo, a zura yatsu biyu tsakanin abin wuyan da fatar dabba. In ba su shiga ba, ya matse. In hannu duka ya shiga, ya yi sako-sako. Ɗan kwikwiyo da ɗan kyanwa suna girma da sauri, abin wuya kuwa ba ya girma, sai a riƙa dubawa kowane mako. In an manta, yakan nutse cikin nama, ƙudaje su bi wurin, tsutsa ta fito. Da damina a riƙa kwance na fata a shanya, don jiƙaƙƙiyar fata tana goge gashi, in ta bushe kuma ta ƙanƙance.

Akwai abin wuya mai maganin ƙuma da kaska da ake sayarwa. Lalle a karanta kwalinsa. Wasu na karnuka suna ɗauke da magani mai suna fametirin, wanda hantar kyanwa ba ta iya sarrafawa. Yakan sa ta dalalar da miyau, da makyarkyata, da farfaɗiya, har mutuwa. In haka ta faru, a cire shi nan da nan, a wanke ta da ruwa mai ɗumi da sabulu, a kai ta wurin likitan dabbobi.

Kare kuwa a sa masa na fata ko na zare mai faɗi, da zobe na maƙala sarƙa, a rubuta lambar wayar mai shi a jiki. Kada a ɗaure shi da zarge, kada kuma a turke shi kusa da katangar da zai iya tsallakawa. Haka nan ragon da aka turke.

Sai dai abin wuya ba shaidar lafiya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukkansu ta cizon kare. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, tana yin allurar riga-kafinsa, kuma kare da kyanwa duka suna bukatarta. Wanda dabba ta ciza, ko da mai abin wuya ce, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi asibiti a ranar.